Atishawar Baba Alƙali

Komai na zamanmu a unguwar Utaibiyya a ƙasa mai tsarki zai iya shige mini, amma ban da ranar da Baba Alƙali ya ci tuwo a gidanmu. Kawun maigidana ne. A can gida daga kujerar shari'a aka ɗauko shi ya shugabanci 'yan sanda, daga baya aka damƙa masa masu leƙen asirin ƙasa. Cewa ake in ya kalle ka, ya san abin da ka ci jiya. Bayan ya yi ritaya ya zo Umra, ya aiko wai ya gaji da shinkafar otal.

Ni kuwa ƙanena yana gidan. Bizarsa ta Umra ta ƙare, ya ƙi komawa, wai sai ya samu makaranta. In jawazat, jami'an shige da fice, suka ji, ba shi kaɗai ba, har iƙamar maigida, takardar izinin zamanmu, tana iya tafiya. Na tura shi ɗakin ajiya, na cusa takalmansa bayan buhu, na ce, "Ko tari ka yi, ni da kai ne."

Baba ya zo, dattijo siriri, ba hayaniya. Na zuba masa miyar kuka. Ya barbaɗa yaji, sai atishawa ta kama shi. Ya ce, "Alhamdulillah."

Daga ɗakin ajiya muka ji, "Yarhamukallah."

Ɗan malamai! Bakinsa ya riga hankalinsa. Maigida ya ƙura wa kwano ido, ni kuwa ludayi ya suɓuce mini.

Baba ya juya wajen ƙofar, ya amsa addu'ar har ƙarshe, ya kai loma. Sannan ya ce, "'Yata, buhunan gidan nan akwai tarbiyya. A ce wa wannan ya fito mu ci."

Da ya ji labarin, na durƙusa na ce, "Baba, ka san manya, ka sa mana baki, ko kalma ɗaya ce."

Ya ce, "Na ɗaure mutane a kan kalma ɗayan nan. Amma gobe zan raka shi da ƙafata ya miƙa kansa, kafin a zo a same shi a gidanku."

Ya kuwa raka shi. Ƙanena ya koma gida, na sha kuka, iƙamarmu ta tsira. Ranar na fara barci ba tare da kunnena na kan matakala ba.

Tun daga nan na gane ɓoye ɗan'uwa ba taimakonsa ba ne. Wanda ya riƙe hannunsa ya fito da shi, shi ya fi ni sonsa.