Malam Ɗayyabu, Ni Na Ɓoye Gaskiyar Makarantarka

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Talata, 9 ga Oktoba, 2001, bayan sallar Azahar, maƙwabcina ya shigo ya ce Malam Ɗayyabu, hedimastan firamaren Kafin Mailafiya da ke bayan Kiyawa, ya rasu a asibiti a Dutse. Ƙafafuna ba su kai ni jana'izarka ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ni na koya maka karatu a aji uku, kana ɗan siririn yaro mai yawan tambaya. Da na yi ritaya, matata ta rasu, 'ya'ya suka watse birane, kai kaɗai ka riƙe ni. Kowace Juma'a sai ka jingine kekenka a ƙofar zaurena, ka karanta mini jarida tunda idanuna sun gaza, ka ce, "Baba Malam, yau ma ba a yi maganarmu ba."

Maganar taku ita ce malamai. Azuzuwa shida, malamai ku biyu, kai da Malama Rabi'atu. Sai ka rubuta aiki a allon aji ɗaya, ka ruga aji huɗu, ka dawo ka tarar ƙananan sun yi barci. Shekara bakwai kana haka.

Bara aka ce majalisar jiha na shirin dokar ɗaukar sababbin malamai, za a turo kwamiti ya ga inda ake da giɓi. Ka zo da murna. Ni ne na ɓata lamarin. A zamaninmu, in baƙi za su zo, ba a bari su ga aji ba malami. Abin kunya ne ga hedimasta da garin duka. Na ce maka, "Kada su zo su ga tsiraicinka." Ka ce, "To, Baba Malam." Na tara tsofaffin malamai uku, na zama na huɗu. Muka saka manyan riguna, kowa ya kama aji da alli a hannu. Baƙin suka zaga, suka yaba, suka rubuta abin da idonsu ya gani.

Da aka yi rabon malamai, makarantun kewaye suka samu. Taka ba ta samu ko ɗaya ba. Ka rubuta takardu, aka ce rahoto ya nuna ba ka da matsala. Juma'ar da ta biyo ka zo kamar kullum, ka karanta mini jarida har shafin ƙarshe. Ba ka taɓa ce mini komai a kan abin da na jawo ba, ni kuma na kasa buɗe baki. Ciwon ƙirji ya kama ka, ba ka iya kwanciya ba, don babu wanda za ka bar wa yaran.

Yanzu Malama Rabi'atu ce kaɗai da azuzuwa shida. Ga duk wanda ke da hannu a rabon malamai: malaman da kuka gani ranar nan na aro ne, ni Muntaka na kawo su. Ku koma ku ƙirga da kanku.

Allah Ya jiƙanka, Malam Ɗayyabu, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makoma. Ina yi wa mai ɗakinka Malama Ikilima da 'ya'yanka ta'aziyya, Allah Ya ba ku haƙuri. In kun yarda, ku yafe mini a madadinsa, don ni na makara.

Malam Muntaka, tsohon malami, Kiyawa