Hannun da Suka Ce Ya Mutu

Tun da ɓarin jikina na dama ya shanye, kowa a gidanmu na unguwar Rusaifa a Makka ya zama likita. Ƙafar ta dawo, bakin ma ya daidaita, hannun ne ya ƙi. Yana nan a rataye, ko allura ka soka masa ban san ana yi ba. Bas ɗin da nake tuƙawa daga Kudai zuwa Harami aka ba wani, ni kuma aka ajiye ni gadin gareji don tausayi. Masu zuwa dubiya su zauna su zuba wa hannun ido, suna salati a hankali. Na zama gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, abin kuwa yana ƙona mini rai.

Ƙanina ne ya fara kawo maganar gida. Da shi da maiɗakina suka ƙulla ta a bayan idona: kafin alhazai su cika gari a sallame ni, in koma Yawuri in huta.

"Yaya, khalas, ya isa hakanan," in ji shi. "Hannun ga ya mutu. Mi kake jira?"

Na ce masa yaron da na goya a baya ba zai yi wa hannuna jana'iza ina zaune ba. Na ce kuma ranar Juma'a zai kai ni bakin teku a Shu'aiba, ko in tari tasi in tafi ni kaɗai.

Mu Sarkawa ne, su muka gada. A gida, ƙarshen bazara irin wannan, Kwara kan ja baya, sai mu tsaya a kan rairayi muna jefa wa tsage fatsa, kifin nan mai zane a jiki da haƙora kamar zarto. Makka ba kogi, shi ya sa duk shekarun da na yi a nan teku ce ke rage mini zafi. Mutanen gari da sandunansu masu maƙina suke zuwa. Ni ban taɓa yarda da sanda ba. Zarena a naɗe yake a jikin gwangwani, in na jefa sai in ɗaura shi a yatsa, don a wurinmu yatsa ke jin kifi kafin ido ya gani.

Maiɗakina ta ɓoye gwangwanin a bayan buhun shinkafa. Na gano shi.

"Malam, don Allah," ta ce, "in ka faɗa ruwa wa zai ciro ka?"

"Wanda ya hana ni faɗawa tun ina tsirara," na ce, na sa takalmi.

Bayan sallar asuba muka kama hanya. Ƙanina yana tuƙi yana tsaki har muka isa. Ya ƙi sa mini koto ma, wai ba zai taya ni hauka ba. Na danne ƙugiya da babban yatsan ƙafa, na soka jatan lande da hagu. Jifan farko dalmar da ke bakin zaren ta faɗi a gabana, inda ko yaro zai tofa yawu ya kai. Na biyu ta naɗe mini wuya. Wasu samari da ke gefe suka kau da kai don kar in ga dariyarsu, na kuwa gani. Kunya ta kama ni ƙwarai, amma haushi ya fi ta yawa.

Da na samu jifa ɗaya mai kyau sai wata matsalar ta taso. Hagu nake bukata don jan zare, to a ina zan ɗaura? Na ɗago mataccen hannun na aza a gwiwa, na naɗe zaren a yatsu biyu. Na ce masa a zuci, tunda ba ka da aiki, zama turke.

Rana ta ɗaga, gishiri ya bushe mini a leɓe. Ƙanina ya koma mota ya kunna sanyi yana danna waya. Ban san lokacin da kifin ya ci ba, sai gani na yi hannun ya tashi daga gwiwata da kansa ya miƙe wajen ruwa. Na cafke zaren da hagu, na kafa dugadugai a rairayi. Babba ne. Ya ja, na ja, ya juya sau ɗaya kusa da saman ruwa har na hango zane-zanen gefensa. Zaren ya zame daga hagun, nauyin duka ya koma kan yatsun nan biyu, ya shige cikin nama.

Ƙanina ya taho a guje da wuƙar yanka koto. "Jini, Yaya! Bari in yanke!"

"Kul! In ka taɓa zaren ga ban yafe ba!"

"Yatsunka za su guntule!"

"Zafi nake ji, ɗan banza! Zafi!"

Ya tsaya da wuƙar a sama, baki buɗe. Raɗaɗi ne sosai, kamar an ɗora mini garwashi, daga yatsu har wuyan hannu, ina ihu ina dariya. Kifin ya nutsa cikin duwatsun ƙarƙashin ruwa masu kaifi, zaren ya tsinke can, ya tafi da ƙugiyata. Allah ya raka taki gona.

Hannun bai warke ranar ba, har yau ba ya riƙe cokali da kyau. Amma ba wanda ya sake yi mini maganar sallama a wannan shekarar.

Ƙanina ya durƙusa a rairayi, ya yage bakin rawaninsa yana ɗaure mini yatsun.

"Yaya," ya ce, "da zafi?"

"Da zafi," na ce. "Ƙara matsawa."