Lawali da Tsadar Araha

Shekara bakwai ke nan da rasuwar ƙanena Lawali. A irin wannan lokaci ne, da albasar Garu ta fara cika kasuwar Malanbil, aka bugo mini waya daga wata ƙasa aka ce in yi haƙuri. Duk shekara in lokacin ya zagayo nakan soya masa in raba sadaka, in sa a yi masa addu'a, in koma shagona na atamfa. Bana ma na yi sadakar, amma zama ya gagare ni. In na zauna sai in miƙe, in warware turmin da na riga na ninke, in sake ninke shi. Dalili kuwa, ɗiyata Balkisa ta ɗauko hanyar da kawunta ya bi: tana so ta ƙaro karatu a fannin gashin ƙashi, a makarantar da aljihunmu zai iya.

Lawali shi ne autanmu. Mahaifinmu ya rasu Lawali yana ƙarami, don haka ni da Inna muka rene shi. Yana ajin ƙarshe na lise, wato sakandare, Inna ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu, ɓarinta na dama ya shanye. Likita ya ce magani ya yi iyakar nasa, abin da ya rage sai kine, wato masu motsa gaɓoɓi su sake koya wa jiki abin da ya manta. A lokacin ba mu da mai wannan aiki a kusa, sai an kai Paraku. Lawali ke raka ta. Yakan tsaya a bayan mai aikin ya zuba ido, in sun dawo gida ya shimfiɗa tabarma a zaure ya kama hannun Inna ya yi ta lanƙwasawa yana miƙarwa. Inna ta zage shi da Hausa, in Hausa ta ƙare ta koma Dandanci, shi kuwa sai dariya. Kafin damina ta zagayo ta riƙe moɗa da hannun nan ta sha ruwa da kanta. Tun ranar ba a sake tambayar Lawali abin da zai karanta ba.

Ya tafi Kwatano ya yi shekara uku, ya dawo da lisansi, wato digirin farko, aka ɗauke shi aiki a wani asibiti nan arewa. Da farko mutane sun ɗauka ɗori yake yi, suka riƙa kawo masa karaya. Sannu a hankali aka gane shi. Tsofaffin da hawan jini ya kayar, 'yan kabu-kabun da suka tashi daga jinya ƙafa ta sandare, mata masu ciwon baya saboda dashen shinkafa, duk suka san ƙofarsa. Ni a ganina ya kai. Shi kuwa abin da ya hana shi sakat yara ne, irin waɗanda ake haifa wuyansu bai tsayawa, ko ƙafafunsu su harɗe kamar almakashi. Yakan shigo shagona da yamma, ya ƙi zama, ya yi ta kai da komo tsakanin turame yana cewa, “Yaya, ilimina ya ƙare a kan yaran nan. Uwa ta kawo ɗa daga rugga, ta zuba mini ido, ni kuwa na san abin da nika yi bai kai ba.” Daga nan maganar masta ta taso, karatun shekara biyu bayan lisansi.

Ban taɓa sanin zaɓen makaranta aiki ne ba sai a kan Lawali. Na Turai tun farko ya kawar da kai, don kuɗinsu in da dalar sefa za ka ƙirga sai yawu ya ƙafe maka ba ka kai rabi ba. Na Najeriya ga su kusa, kuɗin da dama-dama, amma karatun da Ingilishi ne, kuma suka ce shekara ukunsa ba ta kai tasu ba, sai ya koma baya ya cike. Wata makarantar kuɗi ta aiko masa da takarda mai ƙyalli, da hoton ɗalibai cikin fararen riguna. Ya ci bashin hutu ya je ya gani da idonsa, ya tarar ɗakuna uku ne a saman wani kantin taya, ba asibitin da ɗalibai ke koyon aiki. Da ya tambaya ko gwamnati ta san da diplom ɗinsu, sai aka fara yi masa kwana-kwana. Ya dawo yana cewa, “Wagga ba lakkwal ba ce, Yaya, shago ne irin naki. Ke ma kin fi su, don ke kina ba mutum zane ya tahi da shi.”

A ƙarshe hankalinsa ya tsaya a kan wata makarantar gwamnati a wata ƙasa maƙwabciya, a birnin bakin teku. Malamai na ƙwarai, asibitin yara a jikinta, kuɗin shekara kuma bai fi ƙarfinmu ba. Sai dai gurbin baƙi kaɗan ne. Ya haɗa takardu, ya yi zarya a ofishin magajin gari don a buga masa hatimi, ya bi tsofaffin malamansa su rubuta masa shaida, wani ma sai da ya tuna masa ko shi wane ne. Shekarar farko ba a ɗauke shi ba. Inna ta ce to alhamdu lillahi, ya zauna ya yi aure kamar kowa. Ya ce mata mai nema yana tare da samu, ya sake haɗa wasu takardun. A shekara ta biyu aka kira shi.

Mun yi murna, mun kuma yi lissafi, amma kuɗin makaranta kaɗai muka lissafa, don shi ne aka rubuta. Ba wanda ya tambayi nawa ne ɗaki a birnin, nawa ne kwanon abinci, wa zai duba shi in ya kwanta. Shi ma bai faɗa ba. Daga baya muka ji cewa ɗakin da ya iya kamawa yana wata unguwa ce da ruwa ke kwanciya, shi da wasu ɗalibai. In an tashi daga aji sai ya bi gidajen masu hali yana yi wa tsofaffinsu gashi don ya biya haya. In na kira shi sai ya ce, “Lahiya lau, Yaya, har na yi ƙiba.” Yana farkon shekara ta biyu zazzaɓi ya kama shi. Ya sayi ƙwayoyi ya sha, ya ci gaba da zuwa aji don kada jarrabawa ta wuce shi. Ranar da abokan ɗakinsa suka ɗauke shi zuwa asibiti ba ya gane kowa. A can aka yi masa sutura. Jakarsa ce ta dawo mana a motar haya, da littattafai da farar rigarsa. Inna ta rayu shekara uku bayansa, tana tafiya da ƙafar da ya tayar mata, amma ba ta sake ambaton sunan garin nan ba.

Hausawa na cewa araha ba ta ado. Ni na daɗe da sanin haka a kan atamfa. A kan karatu sai da na rasa ƙane na sani.

Sau da yawa yanzu nakan tsaya a ƙofar shago in ce, da Lawali zai leƙo, me zai ce da Malanbil ta yau? Tun da aka rufe gadar Gaya da ta haɗa mu da Nijar kasuwa ta ja baya. Matan Nijar da ke zuwa su sari turame sun ragu, wadda ta zo ma ta kwalekwale ta ƙetaro, ba ta iya ɗaukar da yawa. Na taɓa ganin an ciccibo wani tsoho mai shanyewar jiki daga cikin jirgi, 'ya'yansa sun shiga ruwa har gwiwa. Na san da Lawali na wurin da ya tuɓe takalmi ya shiga, yana yi musu faɗan ba haka ake ɗaukar mai irin wannan ciwo ba. Zai yi murna ya ga yanzu ba sai an kai Paraku ba kafin a sami mai kine. Amma zai dubi layin da ke jiran mutum guda, ya dubi iyaye mata da yara a baya, ya koma kai da komonsa. Ba na jin shekara bakwai ta kawo abin da zai zaunar da shi.

Zai kuma yi mamakin Balkisa. Tana yarinya ya bar ta, yau ga ta da nata lisansin. Tafiyar da shi ya yi a mota don ya ga makaranta, ita a salula take yi tana zaune a bayan kantana. Takardun da ya riƙa aikawa ta hannun direbobi, ita hoto take ɗauka ta tura. Abu ɗaya ne bai sake ba: in ta karanto mini kuɗin wata makarantar, sai mu dubi juna. Ta yi watanni tana tacewa. Rannan bayan la'asar ta ajiye salular ta ce ta zaɓa. Ta faɗi sunan. Makarantar Lawali ce.

Na ce ba za ta ba. Na ce garin nan ya ci mini mutum ɗaya, ba zai ci biyu ba. Na faɗi maganganu da yawa, har maƙwabciyata mai sayar da takalma ta leƙo. Balkisa ta bari sai da na gaji, sannan ta ce, “Mama, ba lakkwal ta kashe Kawu ba. Shiru ya kashe shi. Ni ba ni yin shiru. In na ji yunwa kina ji, in kaina ya sara kina ji.”

Na ce, “Haka shi ma ya ce.”

Ta ce, “To mu tambayi abin da ba ku tambaya ba.”

Maganar ta yi mini zafi, amma gaskiya ɗaci gare ta. Muka yi kusan wata ba mu sake tayar da zancen da faɗa ba. Ita ta nemo lambobin ɗaliban da ke karatu a makarantun da ta ware, mata musamman, ta riƙa kiransu ina zaune ina ji. Ba ta tambayarsu kuɗin makaranta. Tambayarta ita ce a ina suke kwana, motar zuwa asibitin koyon aiki nawa take ci, ko baƙo yana da damar ganin likita, ko akwai wadda ta bar karatu a tsakiya da abin da ya sa. Wata ta yi mata kuka a waya. Da aka tara komai wuri guda, sai ga shi makarantar Lawali, wadda ta fi araha a rubuce, ba ita ce mai araha ba. Ita da kanta ta sauke ta daga sahun farko, ba don na hana ba. Ta sa wata ta nan cikin ƙasa a gaba, wadda kuɗinta ya ɗara, amma ƙanwar mahaifinta na zaune a garin, da ɗaki da tukunya. Duk da haka ta tura takardunta wurare biyun, ta ce ba a zuba ƙwai duka a kwando ɗaya, sai ta yi dariya ta ce, “Mai kwarmin ido da wuri yake fara kuka, Mama.”

Makon jiya amsa ta zo. Ta cikin ƙasa ta ɗauke ta. Na raba shagona biyu na ba wani mai sayar da shadda rabi, don haya ta riƙa biyan abin da atamfa ba ta biya yanzu. Mutane suna ta yi mini barka, ina amsawa. Amma ba zan ɓoye wa mai karatu ba, hankalina bai kwanta ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Na san gidan gwaggonta za ta zauna, na san motar kwana ɗaya ce tsakaninmu, amma har yanzu in salula ta yi ƙara da baƙuwar lamba sai gabana ya faɗi, alhali yarinyar tana gabana ba ta ma tafi ba.

In aka auna da abin da ake auna mutane, Lawali bai bar komai ba. Bai yi aure ba, bai gina ko ɗaki ba, mastan da ya ba da ransa a kai bai karɓo ba. Na daɗe ina jin haushin wannan. Amma ranar kasuwar da ta wuce wata Bafulatana daga wajen Gene ta shigo sayen zane, da budurwar ɗiyarta ɗauke da ƙwaryar nono. Yarinyar tana ɗan jan ƙafar hagu, amma ƙwaryar ko girgiza ba ta yi. Uwar ta tsaya tana kallon fuskata, ta ce ko ina da ɗan'uwa likitan ƙafa, don kamarmu ta ɓaci. Na ce ina da shi, ya rasu. Ta yi salati, ta ajiye zanen, ta jawo yarinyar ta ce, “Wagga a baya na kai mai ita, ba ta ko zama.” Na tambayi yarinyar ko ta tuna shi. Ta ce ba ta san sunansa ba, abin da ta sani kawai akwai wani dogo da ya riƙa sa ta kuka, in ta gama ya ba ta dabino.

Na faɗa mata sunan. Ta maimaita shi sau biyu, ta gyara zaman ƙwaryarta, ta bi uwarta cikin kasuwa da ƙafafunta. Na tsaya a ƙofa ina kallonta har jama'a suka rufe ta.

Allah Ya haskaka kabarinka a ƙasar da ba mu sani ba, Lawali, Ya ba ka hutun da ka ƙi yi a duniya.