Tsakuwar da Ƙishirwa Ta Bar Mini

Salamu alaikum, ƴan uwa da ɗalibaina na da da na yanzu. Tun kafin azumi ban ce komai a nan ba. Na ga saƙonninku na "Madam, lafiya?" Ba lafiya ba ce, amma yau da sauƙi, alhamdu lillahi.

Ku da ke Damagaram kun san yadda shekarun nan na fari suka yi mana. Pamponmu sai ya yi mako yana hurar iska, faktir kuma, wato takardar kuɗin ruwa, ba ta fashin zuwa. Maigidana, Malam Abba, ya kan ɗaga ta ya ce, "Hadiza, ga kuɗin iskarmu ya iso."

A lakkol ɗin da nake koyarwa aka rufe ban ɗaki, don babu ruwan korawa. Sai mu mata muka samo dabara: ba ma shan ruwa da safe, don kada fitsari ya matsa mu. Da ni da ƴan matan ajina, haka muke wuni. In na koma gida kuma, bido biyun, wato jarkokin ruwan da muka saya wurin mai ga-ruwa, na girki ne da yara da alwala. Ni sai in jiƙa maƙogwaro kawai.

Abin ya fara da ɗan ciwo a kwiɓin hagu. Na ce tsayuwar allo ce.

Wata Talata ina rubutu, ya soke ni har allin ya faɗi. Na durƙusa gaban yara ina amai.

A asibiti aka ɗebi jini da fitsari, aka yi eko, wato hoton ciki. Eko kaɗai jika goma, ban da magani. Likita ya juyo mini da hoton ya ce, "Tsakuwa ce, Madam, ta tare hanyar fitsari, ƙodar ta fara kumbura. In ba ta fita ba, sai mu tura ki Yamai a yi aiki."

Na ji tsoron wuƙa, ba zan ɓoye ba. Amma abin da ya fi tsaya mini shi ne ajina. Jarrabawar fita ta kusa, kuma tun suna ƙanana nake riƙe da su. In na tafi Yamai, shekarar ta wuce ba ni.

Na ce, "Likita, mene ne maganin?"

Ya ce, "Allura, ƙwaya, da ruwa. Ki sha ruwa sosai."

Malam Abba ya yi dariyar da ba ta daɗi ba. "Ruwa? A garin nan? Ka rubuta mana kantin da ake sayarwa."

Aka kwantar da ni. Da safe a auna zafin jiki, a sauya ledar ƙarin ruwa, a ba ni kwano in yi fitsari a tace ko tsakuwar ta faɗo. Kullum babu.

Ƙanwar mahaifiyata, Iya Gana, ita ta yi jinyata. Ta kan tsaya kaina da moɗa. "Shanye. Kin karantar da rabin unguwa, yau ni zan karantar da ke shan ruwa."

"Iya, cikina ya cika."

"Cikin naki randa ce? Shanye, ƴar nema."

Gadona yana kusa da taga. Da hantsi nakan ji ƙararrawar wata lakkol daga nesa, sai in ce yanzu a ajina Zara na goge allo, yanzu Falmata ta makara kamar kullum. Na yi kewar ƙurar alli. Na yi kewar surutun da nake hana su. Na kuma yi ta tuna Damagaram ta ƙuruciyata, lokacin da tabkin bayan gidanmu ke cika har kaka, randar tsakar gida tana raɓa, kowa ya wuce ya sha ba mai kallon hannunsa.

Ranar wata Juma'a da la'asar hadari ya haɗu, ruwan farko ya sauko. Duk masu jinya suka taru a taga. Kanibo, wato magudanar bakin titi, ta cika da yashi da leda tun bara, sai ruwan ya hau hanya yana gudu, ja wur, yana shiga shagunan mutane. Garin da ke sayen ruwa bido-bido, ga shi yana wucewa ba mai tarewa. Na yi kuka, kuma ba don ciwo ba.

Malam Abba ya iso a jiƙe. Ya ce ya jera duk robobin gidan ƙarƙashin indararo, har tukunyar Iya. "Wannan dai ba faktir," in ji shi.

Washegari da safe ciwon ya taso kamar zan haihu, sannan ya lafa. Iya Gana ta leƙa kwanon ta yi guɗa a tsakiyar asibiti. Tsakuwar ta faɗo, ƴar aba kamar ƙwayar dawa. Aka sake eko, likita ya ce, "Yamai ta rasa baƙuwa."

Na gode wa Allah, da likitoci, da Iya Gana, da Malam Abba, da ku masu addu'a. Na gode wa iyayen yara da suka haɗu suka ajiye tano biyu, wato manyan durom na ruwa, a bakin ban ɗakin lakkol, aka buɗe shi.

Ƴan uwana mata, kada ku hana kanku ruwa don gudun ban ɗaki. Ciwon kwiɓi ko zafin fitsari, ku je asibiti tun da wuri. Ku yashe magudanar ƙofar gidanku kafin damina, ku tari ruwan indararo, ku tafasa kafin ku sha.

Litinin ɗin nan na koma aji, saura ƴan makonni jarrabawa. Na sa randa a bakin ƙofa, na ce ba mai zama sai ta sha. Suka bi layi suna dariya. Na ɗauki alli ke nan, Falmata ta miƙo moɗa.

"Madam, ke fa?"

Na ajiye allin na shanye.