Faifan Gidiyon a Gonar Hatsi

Idan ka shiga Mayahi ka tambayi gidan Gidiyon, za a ce maka wanne, mai gyaran rediyo ko mai ƙwallo? Duk shi ne. Shekararsa hamsin da tara, manomi ne kamar ubansa, dattijo ne a 'yar majami'arsu mai rufin kwano, shi ke kaɗa ƙararrawa ranar Lahadi. Da rani yana zama a rumfa da dalma da sukuddireba yana tada matattun rediyoyi. Ƙwallo kuwa tun da aka haife shi bai taɓa buga ta da ƙafa ba. Da babban yatsa yake bugawa.

Abin ya samo asali daga ɗansa ɗaya tilo, Yonatan, malamin asibiti a Yamai. Shekara shida ke nan Yonatan bai yi kaka a gida ba. Yakan zo ya yi kwana biyu, ya ci tuwon uwarsa Dabora, ya kama mota tun ba a ɗaure dami ko ɗaya ba. Abin yana cin ran Gidiyon ƙwarai, amma shi ba mutum ne mai roƙon ɗa ba. Bara Yonatan ya zo da tsohuwar na'urar wasan tele, wadda suke kira konsol, da faifan ƙwallo guda. Gidiyon ya taɓe baki ya ce aikin banza. Da yamma sai ga shi ya karɓi manet, abin riƙewa da ake buga wasan da shi, wai zai duba ko maɓallanta na da lafiya. Ɗan nasa ya zura masa tara ba ko ɗaya, yana dariya har da hawaye.

"Baba," in ji Yonatan, "na bar maka ita. Ranar da ka ci ni ko sau ɗaya, zan zauna in yi maka kaka daga yanka har rumbu."

Da wasa ya faɗa. Gidiyon kuwa da gaske ya ji.

Wata goma sha ɗaya bawan Allah yana horo. Ya dawo daga gona, ya wanke ƙafa, ya jona tele a batirin hasken rana, ya zauna kan turmi. Maƙwabta suka saba jin dattijon majami'a yana yi wa mai tsaron gida faɗa kamar ɗan cikinsa. Fasto ya zo yi masa nasiha, ya ƙare da neman a nuna masa maɓallin bugun kwana. Babban yatsan Gidiyon ya yi kanta, banda kantar hauya.

Saura mako uku Yonatan ya iso, hatsi ya yi ido, tsuntsayen jan-baki suka sauka a gonaki. Kowa a yankin ya san maganinsu: a ɗaura tsofaffin fayafai da zare a kan kara, iska ta juya su, ƙyallinsu ya kori tsuntsaye. Dabora, mace mai zafin nama, ta tattara duk wani faifai da ke ɗakin ta nufi gona. Da yamma Gidiyon ya buɗe kwalin ƙwallonsa, wayam.

"Maman Yonatan, ina abin da ke cikin nan?"

"Mai ƙyallin nan? Ai ya fi duka aiki. Tun daga hanya ake hango shi."

Mutanen unguwa sun ce ba su taɓa ganin Gidiyon yana gudu ba sai ran nan, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Ya tarar da faifan yana ta rawa a tsakiyar gona, yashi ya kankare masa fuska, rana ta lanƙwasa shi kamar murfin tukunya da jaki ya taka, ga kashin tsuntsu a kai don ƙarin wulaƙanci. Ya wanke shi da sabulu, ya goge da man goge haƙori, ya danne shi da dutsen niƙa kwana guda. Konsol ta haɗiye shi, ta yi gurnani, ta tofo shi.

Sai ya tafi wajen abokinsa Maman Sani, mai butik ɗin wayoyi kusa da kasuwa, wanda suka yi lakwal tare suka gudu tare a aji huɗu. Maman Sani ya yi dariya har ya ƙoshi, sannan ya buga waya Tasawa, babu. Ya buga Maraɗi, wani ya ce yana da guda tsoho, kuɗinsa jika ashirin da biyar na sefa, kuma an riga an yi magana a kai.

"Dattijo, faifai ya zama tarihi," in ji Maman Sani. "Yanzu sauke wasa ake daga intanet. Ga shi nan an yi ragi, jika tara. In saya maka da katina, ka kawo konsol ɗin mu jona."

"In na biya, me za a miƙo mini a hannu?"

"Ba komai."

"Ba kwali?"

"Ba kwali."

Gidiyon ya cire hula ya sosa kai. Shi da ko akuya ba ya saye sai ya buɗe bakinta ya ga haƙori, yau zai sayi iska. Ya matso kusa da allon ya ce, "To Alhaji, taya mini shida."

"Ba a tayi."

"Wane irin ciniki ne ba albarka ba sallama? Faɗa musu manomi ne. In sun ƙi, su yi gyara ko da ɗan wasan tseren mota."

Masu cajin waya da ke wurin suka kwanta don dariya. Gidiyon ya biya yana gunaguni, ya koma gida ya naɗo konsol a zanin Dabora na Kirsimeti, ya ɗora a amalanken jaki. Dabora ta biyo shi har ƙofa tana cewa hukuncin ya yi yawa, faifai ɗaya kawai ta ɓata masa.

Daga nan aka shiga jira. Wani siririn layi ne a tele, wai sai ya cika ɗari kafin wasan ya gama sauka. Rezo na intanet ya zo ya tafi, kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke ya dawo, layin yana tafiya kamar hawainiya mai ciwon ƙafa. Gidiyon ya mai da butik ɗin gida. Ya yi wa konsol fifita da mahuci don kada ta yi zafi, ya hana mutane tsayuwa a ƙofa wai suna tare rezo. Duk wanda ya wuce sai ya leƙo ya ce, "Dattijo, yaya mai jiki?" Shi kuma ya amsa, "Da sauƙi, ta kai arba'in da ɗaya."

Ranar da Yonatan ya sauka daga mota, layin yana kan tamanin da uku. Kwana biyu ɗan zai yi, ba wasa, ba nasara, ba kaka. Ranar ce kaɗai a duk labarin nan da ba ta ba Gidiyon dariya ba. Dabora ce ta kwashe komai ta faɗa wa ɗanta suna zaune a kan tabarma, tun daga turmi har dutsen niƙa, ta kamo hannun mijinta ta nuna kantar yatsan. Yonatan ya daɗe yana kallon yatsan nan.

"To ai alkawari alkawari ne," in ji shi daga baya. "Ba zan tafi ba a buga ba. In layin ya cika mu buga, in kama hanya."

Washegari ya karɓi wuƙar yanka ya bi ubansa gona. Hannunsa na asibiti ya yi bororo kafin azahar, Gidiyon yana tsokanarsa, ransa fari ƙal. Kwana biyu suka zama huɗu. Sai lissafi ya faɗo wa dattijon a tsakiyar gona: layin nan in ya cika gobe, aka buga, yaron nan ya sake zura masa tara, shi ke nan, ga rabin gona a tsaye.

Ya ce zai je sayen igiya, ya zarce butik. Ya ja Maman Sani gefe, ya rage murya, shi da bai taɓa haɗa baki a kan komai ba.

"Alhaji, abin nan ana iya tsayar da shi? Ba da yawa ba. Sai mun kai hatsi rumbu."

Maman Sani ya dube shi, ya dubi tele, ya kama ciki don dariya. Da ƙyar ya iya nuna allon da yatsa. Layin yana kan tamanin da uku, inda yake tun ranar da motar Yamai ta iso.

"Ka makara, Dattijo. Ɗanka ya riga ka zuwa. Ya ce kada in sake shi sai an ɗaure damin ƙarshe, kuma kada in faɗa maka."

Gidiyon ya sa hula ya goge ido, ya ce ƙurar kasuwa ce. Ya fita har ya yi nisa, sannan ya dawo da sauri ya sayi igiyar, don kada ɗan ya gane.