Kalmar da Baba Ya Kwance

Ina aji shida a shekarar 1969 Baba ya dawo daga Magajin, unguwar makanikai inda yake gyaran mota, da wata kalmar Turanci a bakinsa. Wani mai sayar da kayan mota ne ya faɗa masa ita, ta kuwa burge shi: unfortunately.

"Ke 'yar boko, zo ki kwance mini ita," in ji shi.

Na zauna na raba masa ita gaɓa biyar yadda malaminmu yake yi: an, fo, cu, net, li. Na ce a kan "fo" ake danna murya. Baba ya kifa kwanon wanki, yana bugun kowace gaɓa da sifana, idan ya zo kan "fo" sai ya maka da ƙarfi har kaji su watse.

Kakata, wadda kunnenta ya yi nauyi, ta leƙo daga ɗaki. "An fa ci na tulu? Wa ya ci?" A tulu take ɓoye goronta. Sai da ta zazzage shi a tabarma ta gani da idonta, duk da haka ta yini tana hararata.

Na yi wa Baba bayani cewa kalmar ta baƙin labari ce, "an" ɗin farko shi ke kore sa'a, idan abin daɗi ne sai a cire shi.

"A cire? Ni ban taɓa mayar wa mutum mota da ƙusa ɗaya a rage ba."

Haka ya riƙa amfani da ita a cike. Da ita yake gaida Asantawan unguwa, 'yan ƙasar da muke zaune a cikinsu, da ita ya sanar da haihuwar ƙanena.

Ƙarshen shekarar aka fara korar baƙi marasa takarda, mu kuwa asalinmu Nijar. Wata safiya ɗan sanda ya tsaya a ƙofarmu. Innata ta kama hannuna ta matse. Baba ya fito da takardar zamansa, ya gyara tsayuwa, ya ce, "An-FO-cu-net-li, ina da pepa!"

Ɗan sandan ya dube shi, ya dubi takardar, sai dariya ta ƙwace masa har ya dafa bango. Ya kira abokin aikinsa, ya roƙi Baba ya maimaita. Baba ya maimaita, har da ƙarin ƙarfi.

Da suka tafi ya juyo wurina yana gyara hula. "Kin gani? Da na biye miki, da guntuwa zan ba su."