Sunan Da Bai Kamata A Kira Ba

Yau shekara tara ke nan da bam ya tashi a tashar mota ya ɗauke mana Yaya Sa'idu, ya fita sayo takardar rubutu bai dawo ba. Na saba in wannan rana ta zagayo in yi masa addu'a in ja bakina. Bana na kasa, raina a ɓace yake.

Yaya malamin firamare ne a unguwar Kumbiya-Kumbiya, kuma littafi shida ya fitar a kan labari guda. Labarin Daso ne, makiyayiyar da sarkin aljanu ya sace wa ɗan fari, aka ce ba zai kuɓuta ba sai ta tsaya a ƙofar birninsu ta kira sunansa da bakinta. Duk Bafulatani ya san nauyin wannan. Uwa a wurinmu ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Daso ta ƙetare kogin wuta, ta yaƙi rundunar kuraye, amma kalma ɗaya ta gagare ta har littafi shida. Shi kansa Yaya ɗan fari ne. Har aka kai shi makwancinsa ban taɓa jin Inna ta ce masa komai ba sai "wancan".

Burinsa ya ga Daso a fim. Ya taɓa tara 'yan wasa suka nufi bayan gari da takubban katako, sojoji suka tare su a shinge suka sa su tsallen kwaɗo har la'asar. A shekarun nan, rawani da takobi ko na wasa ne ya isa a harbe mutum. Ya dawo gwiwa a kumbure yana dariya, wai aljanun sun fi sauƙin sha'ani.

Bara wani kamfani ya zo neman izinin yin shiri mai dogon zango a kan Daso, ni na sa hannu, kuma ba zan yafe wa kaina ba. Ranar da aka fara nuna shi, muka zauna da Inna a gaban talabijin. Ba a yi minti goma ba sai ga Daso da jan baki, tana birgima tana kwarara sunan yaron sau uku. Inna ta miƙe ta gyara mayafi, ta ce, "Wannan ba ita ta haife shi ba."

Na kira daraktan. Wai, "Hajiya, 'yan kallo na son su ga uwa tana kuka." To ku yi naku labarin mana! Wa ya aike ku ku taɓa na mamaci, ku zare masa laka, sannan ku liƙa sunansa a allo? Da Yaya na nan ban san ko dariyar tasa zai yi ba, ni dai ban ga abin dariya ba.

Yanzu littafi na bakwai suke nema, wanda bai ƙarasa ba, su san yadda za su rufe. Yana hannuna, rubutun biro, shi ne abin da ya rage mana da ba a ɓata ba. Makon jiya na karanta wa Inna har inda ya tsaya: Daso ta isa ƙofar birnin, ta buɗe baki. Daga nan farar takarda ce.

Inna ta daɗe tana kallon shafin, ita da ba ta iya karatu ba. Sannan ta ce, "Ku bar ta haka."

Amsar da na aika wa daraktan ke nan. Allah Ya jiƙan Yaya.